Yadda Ake Sauya Sensar Iskar Taya a Tsohuwar Mota

Motoci da yawa da ke yawo a Katsina, musamman 'yan Amurka da Kanada da suka shigo ta Kwatano ko ta Legas, akwai wata fitila ruwan ɗorawa da ke kunne a dashbod ɗinsu dare da rana: hoton taya da aka yanka gida biyu, da alamar motsin rai a tsakiya. A wasu motocin haruffa huɗu ne kawai, TPMS, wato tsarin lura da iskar taya. Masu motocin sun saba da ita har sun daina ganinta. Wani ya liƙa mata baƙin salatif, wani ya sa mai wayarin ya cire mata ƙwai. Ni ban goyi bayan ko ɗaya ba. Aikin fitilar nan ta sanar da kai iskar taya ta ragu tun kafin idonka ya gani, kuma wanda ke bin hanyar Kano ko ta Daura a watan Afrilu, lokacin da kwalta ke ƙuna, ya fi kowa buƙatar wannan gargaɗi. Taya mai ƙarancin iska lanƙwashewa take yi a kowane juyi, tana tara zafi, har ta kai ga fashewa.

Tushen abin daga Amurka ne. Bayan haɗurran da tayoyin Firestone suka haddasa a motocin Ford Explorer, an yi doka a shekarar 2000, kuma daga Satumban 2007 ya zama dole kowace sabuwar ƙaramar mota a can ta fito da wannan tsari. Tarayyar Turai ta wajabta shi ga dukkan sababbin ƙananan motoci daga Nuwamban 2014. A yawancin 'yan Amurka, cikin kowace taya akwai 'yar na'ura manne da gindin bawul, ita ce sensa. Tana auna iska tana aika saƙo ta rediyo zuwa kwamfutar mota. Batirinta a rufe yake ruf cikin roba, kuma yakan yi shekara 5 zuwa 10. To ka lissafa shekarun Camry ɗin da ake kira Muscle, ta 2007 zuwa 2011, ko Accord ta 2008 zuwa 2012 da muke ce wa Anaconda. Sensar da ta zo da su daga kamfani ta ci lokacinta tuni.

Ka fara tabbatar da cewa sensar ce ta mutu

Ka murɗa makulli ka zuba wa fitilar ido. Idan ta kama ta tsaya cak ba ƙiftawa, motar na cewa akwai tayar da iskarta ta yi ƙasa, wato tsarin na aiki. Idan kuwa ta yi ta ƙiftawa na kamar minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi sannan ta tsaya a kunne, kwamfuta ce ta daina jin muryar wata sensa. A Anaconda da sauran Honda na zamaninta fitilun biyu ne daban: hoton taya na ƙarancin iska, haruffan TPMS kuma na lalacewar tsarin.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka buɗe ƙofar direba ka duba 'yar takardar da ke liƙe a jikin ginshiƙin. A nan kamfani ya rubuta iskar da motarka ke so, galibi tsakanin 30 da 35 psi a irin waɗannan motoci. Lambar da ke gefen taya, 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba ita ake cikawa ba, duk da cewa masu faci da yawa ita suke bi. Ka auna da sassafe kafin motar ta yi tafiya, da geji naka na kanka. Ƙa'idar Amurka ita ce fitilar ta kama idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari, wato tayar da ke son 32 ta sauko wajen 24. Sannan sanyi na rage awon iska, kusan psi 1 a duk saukar zafi da digiri 5 zuwa 6. Shi ya sa a hunturu, cikin Disamba da Janairu, za ka ga fitilar ta kama da asuba, ka yi 'yar tafiya tayoyi su ɗumama ta mutu da kanta. Wannan ba lalacewa ba ce, iska ce ke bakin iyaka, ƙara ta za ka yi. Kada kuma ka manta da safaya: wasu manyan motocin Toyota masu cikakkiyar safaya suna da sensa ta biyar a cikinta, kuma ita ce tayar da ba wanda ke aunawa.

Akwai kuma motocin da ba su da sensa a taya kwata-kwata. Sukan gane raguwar iska daga saurin juyawar ƙafafun, ta na'urar birkin ABS. Accord ta 2013 zuwa sama haka take, da Volkswagen da yawa. Irin waɗannan ba abin da za a sauya a taya, iska za ka daidaita ka danna maɓallin saitawa. Bawul na ƙarfe mai noti a gindi alama ce mai ƙarfi cewa akwai sensa, amma na roba ba ya tabbatar da babu, domin akwai sensa mai bawul ɗin roba, kuma sau da yawa wani mai faci ya taɓa cire ta asali ya jefar ya sa bawul na gama-gari.

Hanya mafi tabbas ita ce ka je wurin makanike mai kwamfuta, wanda ke da na'urar da ke ta da sensa. Yakan kara ta a gefen taya daidai bawul, ta nuna masa lambar sensar, iskar da ke ciki, da halin batirinta. Wadda ta yi shiru ta mutu, ko ta karye, ko ba ta nan. Idan duka huɗun suna amsawa amma fitilar na ƙiftawa, to ko lambobinsu ba su ne ke cikin kwamfutar motar ba, abin da kan faru idan an sauya rim, ko kuma mai karɓar saƙon ne ya samu matsala. Sabuwar sensa ba ta maganin wannan na ƙarshen.

Sayen wadda ta dace

Nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Sensa biyu na iya yin kama a ido su sha bamban a aiki. Tsofaffin 'yan Amurka da Kanada galibi suna aika saƙo a kan 315 MHz, 'yan Turai kuma 433 MHz. Camry 'yar Amurka ba za ta ji sensar 433 ba ko da ta shiga ramin rim daidai. Saboda haka abin da ya fi shi ne a ciro tsohuwa ɗaya, ka ɗauki hoton rubutun jikinta, ka saya da wannan lamba. Na Toyota lambarsu na farawa da 42607, na Honda da 42753. A Camry da Corolla da yawa na wancan zamani za ka ga an rubuta PMV-107J, ƙirar kamfanin Pacific. In ba a samu a Katsina ba, masu kayan gyara sukan aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano, amma ka tura hoto, kada ka tsaya a kan faɗar sunan mota da shekara kawai.

Zaɓi uku ne a gabanka. Akwai ta asali ko ta sanannun kamfanoni irin su Denso, Schrader da Continental. Akwai wadda ake kira ta kowa-da-kowa, kamar Autel MX-Sensor, wadda ke zuwa ba komai a cikinta, sai mai na'ura ya rubuta mata irin motarka. Sai kuma 'yar gwanjo da aka ciro daga wata mota. Ta ƙarshen nan ita ce mafi araha kuma ita ce ba na ba kowa shawarar saye, domin sa'ar wadda ta mutu maka ce, batirinta ma yana bakin ƙarewa. Idan dole ce ta sa, a gwada ta da na'ura a gabanka kafin ka biya. Akwai masu haƙe robar su sauya batirin su liƙe da gam. Yana iya aiki na wani lokaci, amma cikin taya wuri ne na zafi da jijjiga, kuma idan liƙin ya saki sai an sake buɗe tayar.

Ta kowa-da-kowa tana da wata fa'ida da ta dace da mu. Ana iya kwafe lambar tsohuwar sensa a rubuta a sabuwar, motar ta ɗauka ta dā ce, ba sai an taɓa kwamfutarta ba. Ko tsohuwar ta mutu, lambar na rubuce a jikinta, ko a karanto ta daga kwamfutar motar. Sharaɗi ɗaya ne: na'urar makaniken ta zama mai iya rubuta wa irin wannan sensa, domin kowane kamfani da tasa.

Idan duk sa'annin juna ne kuma ɗaya ta mutu da tsufa, sauran na tafe. In aljihu ya yarda a sauya huɗun lokaci guda, kuma mafi dacewar lokaci shi ne ranar sauya tayoyi, tunda dama za a buɗe su. Ka kuma nemi mai kwamfuta ku yi magana tun kafin a kwance noti ɗaya. Ka tambaye shi kai tsaye: "Malam, na'urarka na shigar da lambar sensa a irin motata?" Ba kowace kwamfutar da ke karanta matsalar inji ke wannan aiki ba, kuma sensa sabuwa da ba a shigar da lambarta ba daidai take da babu.

Aikin kansa

Abin da za ka tanada: jak da abin tokare mota, wil-sifana, ɗan makullin cire ƙwayar bawul, doguwar soket ta notin bawul (yawanci 11 ko 12), alli, guntun katako, ruwan sabulu, da geji. In da hali a samu ƙaramar sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Ɓalle bakin taya daga rim kuwa aikin mai faci ne, kuma in akwai mai injin cire taya a kusa, gara shi.

Ka ajiye motar a wuri mai tauri, ba kan rairayi ba. Ka ja birkin hannu, ka sa dutse a tayar da ba za a ɗaga ba, ka sassauta notuna tun tayar na ƙasa, sannan a ɗaga a tokare. Taya ɗaya-ɗaya ake yi. Da alli ka rubuta wa kowace wurinta, gaban hagu ko bayan dama, sannan ka ja layi a gefen tayar daidai bawul. Layin nan ne zai nuna maka tayar ba ta juya a kan rim ba, wanda ke rage ɓacin balansin.

A kwantar da tayar fuskarta sama, a cire ƙwayar bawul iska ta fita duka. Idan sensar mai bawul ɗin ƙarfe ce, a kwance notin gindin a tura ta ta faɗa cikin tayar tun kafin a taɓa bakin. Haka ta tsira daga duka, in kana son lambar jikinta ko kana son ajiye ta.

Yanzu sai ɓalle baki, kuma a nan nake so ka tsaya a kan mai facin da kanka. Ba raini ba ne ga sana'arsa. Hannunsa ya saba da tayar da ba komai a cikinta, yakan kafa ƙarfe duk inda ya samu ya bi da guduma. Sensa na kwance ne a ƙarƙashin bawul, daidai inda bakin taya ke faɗawa idan an danne shi, kuma jikinta roba ce. Ka gaya masa da girmamawa: "Maigida, akwai sensa a gindin bawul ɗin nan, don Allah a fara daga can ɗaya gefen." A fara ɓallewa daga ɓangaren da ke fuskantar bawul daga nesa, ko aƙalla rubu'in da'ira daga gare shi, a zagayo a hankali. Kada ƙarfe ya shiga tsakanin taya da rim a wurin bawul, yau da ma duk ranar da za a yi maka faci nan gaba.

Ba sai an cire tayar gaba ɗaya ba. Bakin sama kaɗai ya isa. A danne gefen tayar daidai bawul, a cusa guntun katako tsakanin bakin da rim a hagu da dama don ya riƙe, sai wuri ya buɗe da hannu zai shiga. Kada ka sa yatsu a wurin sai katakon ya zauna daram. A ciro tsohuwar sensar. Idan mai bawul ɗin roba ce, ɗan sukuru ne ke riƙe ta da bawul: a kwance shi, a yanke tsohon bawul a jefar.

Sai ramin bawul. A goge shi ciki da waje har ya yi tas, domin ƙura da farin tsatsar alminiyam kan taru a wurin, kuma su ne ke sa iska ta riƙa tsiyaya bayan an gama aiki. Idan ramin ya ci ko rim ɗin ya tsage a nan, sabuwar roba ba za ta toshe shi ba.

Kafin sabuwar ta shiga, abu biyu. Ka ɗauki hoton lambar jikinta ka rubuta tayar da za ta shiga. Idan kuma ta kowa-da-kowa ce, a rubuta mata bayanin motar yanzu tana hannu, a gwada ta amsa.

A zura bawul daga cikin rim zuwa waje, da sabuwar robar gindinsa. Kada a maimaita tsohuwar roba ko tsohon noti ko da sun yi kyau a ido. Jikin sensar ya kwanta bin rim, ba a karkace ba, kuma kada ya tokari ƙarfen. A riƙe ta da hannu ɗaya a ɗaura notin da yatsu har ya zauna, sannan a ƙarasa da sifana. Ƙarfin ɗaurin kaɗan ne ƙwarai: na Toyota 4 Nm ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), sauran ma ba su yi nisa da haka ba, kuma yana rubuce a takardar da ta zo da sensar. Wanda ya saba ɗaure notin taya, murɗa ɗaya zai yi ya tsinke bawul ɗin alminiyam ko ya murƙushe robar. In babu sifana mai awo, a kama soket ɗin kusa da kai a ɗaure da wuyan hannu kawai, a bar ruwan sabulu ya faɗi ko ya isa. Mai bawul ɗin roba kuma shafa masa ruwan sabulu ake yi a jawo shi ta ramin a miƙe har ya zauna. Ba a shafa baƙin mai ko giris, suna cin roba.

Ƙwayar bawul ma akwai magana. A bawul ɗin alminiyam ana sa mai ruwan azurfa, wadda aka lulluɓe da nikel, ita ce ke zuwa da sensar. Ta tagulla, mai ruwan zinariya, da masu faci ke da ita a gwangwani, tana haɗuwa da alminiyam su yi tsatsa su manne, ranar da za a cire ta sai bawul ya karye. Haka murfin ƙarfe na ado. Murfin roba mai sauƙi shi ne daidai, kuma a garinmu mai ƙura kada a bar bawul ba murfi.

A zare katakon, a duba layin alli na nan daidai bawul, a shafa ruwan sabulu a bakin tayar, a ba ta iska har bakin ya hau da ƙara. Kada a wuce 40 psi wajen hawar da shi, kuma kowa ya janye fuska da hannu. In ya ƙi hawa a sauke iskar a ƙara sabulu. Idan ya hau sai a daidaita zuwa abin da takardar ƙofa ta ce, a zuba ruwan sabulu a gindin bawul, da bakinsa, da kewayen rim, a jira a ga ko kumfa zai taso. A mayar da tayar, a ɗaure notuna a gicciye ba a jere ba. Na Camry 103 Nm ne, na Accord 108, ba sai an hau kan sifana da ƙafa ba. Idan an cire tayar gaba ɗaya, ko sabuwar sensar ta bambanta da tsohuwa a nauyi, a kai balansin.

Sanar da motar

In an kwafi tsofaffin lambobi, babu sauran aiki sai tuƙi. Abu ɗaya: a ɗauke tsofaffin sensocin daga cikin motar, kada mai sauran rai ta riƙa aika saƙo da lamba iri ɗaya.

In sababbin lambobi ne, hanyar ta danganta da motar. Toyota, Lexus, Honda da Nissan na waɗancan shekaru galibi sai an jona kwamfuta a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari an shigar da lambobin. A nan hotunan da ka ɗauka za su yi amfani. Masu Toyota su kula: maɓallin SET da ke ƙasan sitiyari ko cikin akwatin gaba ba ya shigar da sabuwar sensa. Aikinsa ya sanar da motar cewa iskar da ke tayoyin yanzu ita ce ma'auni. Danna shi kafin a shigar da lambobi na iya sa kwamfutar ta maƙale tana neman tsofaffin sensoci, har sai an sake ta da na'ura. Bayan an shigar, iska kuma ta daidaita da sanyin safiya, sai ka murɗa makulli ka danne shi har fitilar ta ƙifta sau uku.

Motocin GM da Ford da yawa ana sa su ne cikin yanayin koyo, a bi tayoyin da na'ura ɗaya bayan ɗaya: gaban hagu, gaban dama, bayan dama, bayan hagu, ham na yin ƙara a kowace. Wasu motocin kuma da kansu suke ganewa bayan tafiyar minti 10 zuwa 20 ba tsayawa.

Ko wace hanya aka bi, kada ka sallami makanike don fitilar ta mutu a gareji. Wasu motocin sai sun yi tafiya mai ɗan tsawo kafin su gane ba sa jin sensa. Ka hau titi mai sarari, kamar hanyar Dutsin-ma ko ta Mani, ka yi minti 20 zuwa 30, ka kashe motar ka sake tayarwa. Gwaji na gaskiya kuma shi ne ka tsaya kusa da mai faci, ka rage iskar taya ɗaya zuwa wajen 22, ka ɗan gangara ka ga fitilar ta kama, sannan a mayar da iskar ka ga ta mutu. Akwai masu zuba sensocin a cikin safaya ko cikin bututun da aka toshe aka cika da iska don fitilar ta yi shiru. Wannan gwajin ne ke tona irin wannan aiki, kuma mai sayen tsohuwar mota ma ya kamata ya yi shi.

Masu Anaconda akwai ƙarin dalilin gyarawa. Muddin fitilar TPMS na kunne, motar ba ta yarda a kashe VSA, wato tsarin da ke hana ƙafafun mota zamewa. Wanda ya taɓa kafewa a rairayi a hanyoyin ƙauyukan Daura ko Mai'aduwa ya san akwai lokacin da ake buƙatar kashe shi don ƙafafun su samu juyawa motar ta fita.

Daga nan sai kiyayewa. Idan taya ta huje aka ce a sa mata tiyub, ka sani sensar za a cire, domin tiyub da nasa bawul yake zuwa. Ka karɓi abarka ka adana in dole ta sa, amma facin ciki ya fi. Ruwan toshe huji da ake ɗurawa ta bawul na iya toshe ɗan ramin da sensa ke auna iska da shi. Idan an yi musayar tayoyin gaba da baya a motar da ke nuna iskar kowace taya daban, wataƙila a sake sanar da ita wuraren. Geji kuma ya ci gaba da zama a mota ana aunawa ko sau ɗaya a wata, domin fitilar ba ta kamawa sai iska ta yi ƙasa sosai, kuma a yawancin tsofaffin motoci ba ta cewa komai idan an cika iska fiye da ƙima.

Wanda motarsa ba ta zo da tsarin ba, ko mai karɓar saƙonta ya lalace gyaran ya fi ƙarfinsa, akwai na sayarwa daban: sensoci huɗu da ake murɗawa a bakin bawul a madadin murfi, da ɗan allo mai cajin rana da ake ɗorawa a dashbod. Ba sai an buɗe taya ba, batirinsu kuma ana sauyawa. Ba za su kashe fitilar motar ba, suna da sauƙin sacewa in ba a ɗaure ɗan notin tsaron da ke zuwa da su ba, kuma nauyinsu na wahalar da tsohon bawul ɗin roba, don haka a sabunta bawul ɗin kafin a ɗaura su.